Takardar Sitikar Jirgina

Auta,

Na fita kina barci. Jiya na bar takardar sitika a firinta, ta lambobin ƙaramin jirgin wasa da nake harhaɗawa. Da safe na buga, na tsoma a ruwa don sitikar ta saɓule. Ina! Ta dagargaje, tawada ta ɓata min yatsu. Har na zagi firintar da ba ta ji ba, ba ta gani ba. Ashe takarda ce ta yau da kullum, ba ta sitika ba.

Sai na leƙa ambulan ɗinki. A kan takardar sitikata kika buga wasiƙar neman aiki, kuma ita kaɗai ta rage min. Haba, Auta!

Ki sake bugawa kafin ki kai. In ruwa ya taɓa wannan, sunanki da digirinki za su zame su bar takardar.

Yayanki