Taswirar Bajamushe

Ain Khaled, Doha
6 ga Afrilu, 2003

Zuwa ga Maman Jidda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Jidda. Ya ƙafar Inna, ta daina kumburin?

Kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zuwana, ya ba ni tuƙin wani tsohon injiniya Bajamushe. Ba shi da faɗa, amma wallahi hankalina bai kwanta da shi ba. Ɗakin karatunsa ko kulle shi ba ya yi, to ranar da na kai masa jaka na ga ƙatuwar taswira a bango, an soke ta da allurai masu jan kai, ga hotunan sojoji da igwa. Kina dai jin yaƙin da ake yi a Iraƙi, nan kusa da mu. Duk Juma'a sai na kai shi bakin teku, wurin da ake kira Corniche, ya zauna yana ta rubuta lambobi. Me yake ƙirgawa?

Mas'udu mai gadi, mutumin Gusau, ya rantse ɗan leƙen asiri ne. Ya ce in aka kama shi, direba za a fara tasa ƙeyarsa gida. Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Surajo

20 ga Mayu

Maman Jidda,

Gaisuwa da kewa. Na ji Jidda ta fara tafiya, ma sha Allah.

Na tafka wauta. Mas'udu ya ce ya san wani a kasuwar Souq Waqif mai jin Jamusanci, in samo takarda ɗaya a karanta mana. Na ɗauko wata tsohuwar takarda daga ɗakin karatun, mai lambobi biyar a jere a samanta, na ninke na cusa a aljihun ƙirji yadda nake aje takardar asibiti. Awa biyu ina tsaye a rana, mutumin bai zo ba. Da na zaro ta, gumi ya jiƙe ta sharkaf, tawadar ta narke.

Yanzu Mas'udu cewa yake ba ruwansa, khalas. Sai jiya na ji ƙanensa na neman aikin tuƙi. Anya akwai mai karatun nan kuwa?

Naki,
Surajo

29 ga Mayu

Maman Jidda,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Jiki lafiya, zuciya ce ba daɗi.

Kwana uku tsohon nan yana birkita ɗaki. A na huɗu ya kira ni in taya shi nema, takardar kuwa tana aljihuna. Muna ɗaga akwatuna ya ba ni labari. Ashe taswirar Rasha ce! Rundunar sojan ƙasa ce ta yaƙin Hitila yake bin sawunta. Ya ce ta kasu uku, kowane kaso bataliya uku, kuma dawakai dubbai ke ja musu igwa da abinci. Mahaifinsa mai kula da dawakan ne. Kowace allura zango ce da suka yada, inda alluran suka ƙare nan aka daina jin ɗuriyarsa, lokacin shi tsohon yana goye. Lissafin zangon nan ne ma yake rubutawa a Corniche. Lambobin nan biyar adireshin bataliyar mahaifin ne, takardar kuma wasiƙarsa ta ƙarshe. Bai ɓoye mini ba, ya ce rundunar ta ƙona ƙauyukan mutane, kuma har yau bai san ko da hannun ubansa ba.

Sai na tuna Kaka Nababa da ya tafi yaƙin Bama zamanin Turawa bai dawo ba, da yadda Inna ke ɓoye hularsa a ƙasan adaka. Kunya ta kama ni, na zaro takardar na miƙa, na faɗa masa komai.

Ko tsawa bai yi ba. Ya shimfiɗe ta a tebur, ya bi layukan da suka goge da yatsa, yana karantawa da ka har ƙarshe.

Bai kore ni ba, ki kwantar da hankalinki. Amma yau da safe da na zo ɗaukarsa, ya dube ni, ya koma ya kulle ɗakin, ya sa makullin a aljihu.

Ki gaida kowa.

Mijinki,
Surajo