Rabin Ƙwayar Kaka

Gwandu, daren Laraba

Ban gaya wa kowa ba, amma tun bara nake shan maganin Kaka na rage kitsen jini. Duk ranar da kaina ya yi ciwo sai ta ɓalla mini rabi, wai maganin asibiti ba ya zaɓen jiki. Da karatu ya daina zama a kaina, na ɗauka ƙwayar ce.

Yau a Kalgo na daure na tambayi mai kemis. Ya ce, "Ɗiyata, ban taɓa jin yana hana karatu ba. Amma ki daina sha, ba naki ba ne."

Da ma ya ce ƙwayar ce, in daina in warke. Ashe haka kaina yake. Gobe zan koma bencin baya, inda Malama ba ta tambayar kowa.