Rikodar da ke Bayan Randa

Ikko, 9 ga Yuni, 1977

Ɗanliti,

Ina gaishe ku duka. Yaya jikin kakarka Inna, yaya shuka a Daudawa? Ni lafiya lau, kwas ɗin jinya na tafiya, sai dai abinci ya ƙi shiga.

Ƙanwarka Suwaibatu ta rubuto cewa rikodar da na aiko maka, ka ɓoye ta bayan randa, ka ɗauki Inna tana faɗan maƙwabta, ka kunna wa abokanka a kasuwa. Yanzu in ka shigo sai ta yi shiru.

A sakandare mun karanta labarin wata ƙasa inda mutum ba ya iya magana a ɗakinsa, don hukuma na saurare da na'ura. Na ɗauka ƙirƙirar Turawa ce. Ashe ni zan sayo na'urar in kai ɗakin uwata!

Tun jiya na kasa zama wuri ɗaya. Ka kai wa Inna kaset ɗin ta jefa murhu da hannunta, ka durƙusa ka ba ta haƙuri. Kada ka rubuto mini sai ta koma faɗanta.

Allah ya shirye ka.

Mahaifiyarka,
Baraka