Suna so in danna "Eh" sau ɗaya kawai

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah a ɓoye sunana, kar a sa ko harafin farko. Don Allah ku ba ni shawara, kwanan nan ko abinci ba na iya ci, kuma na rasa wanda zan gaya wa a kusa da ni, za ku ga dalili in kun karanta.

Ni ma'aikaci ne a wani kamfani da ke sayen masara da shinkafa a hannun manoma, yana kuma raba musu taki da iri. Babban ofishinmu yana yankin Bebeji, muna da sito a Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Aikina kula da fitar kaya, ba buhun da zai bar sito sai an ba da izini ta kwamfuta, mai sito ya ga izinin a wajensa sannan ya buɗe wa direba ƙofa. Ni ɗan Kiru ne, can mahaifiyata take, Inna muke ce mata, ni kuma da matata da yara muna haya a Tudun Wada saboda ya fi min tsakiya.

Da can VPN muke amfani da shi, wato wata hanya ce da za ka bi daga duk inda kake ka shiga kwamfutar ofis kamar kana zaune a ciki. Kalmar sirri ɗaya ce ta kowa da kowa, har direbobi sun san ta, wanda ya bar aiki ma da ita yake tafiya a kansa, kuma da zarar ka shiga komai a buɗe yake gabanka. Daminar bara wani ya shiga da ita ya ba da izinin fitar da taki daga siton Doguwa, motoci suka zo da rana tsaka suka loda, mai sito har da taya su ɗaure tamfol, don shi a wajensa komai ya cika. Har yau ba a san wanda ya yi ba, tunda kowa yana da kalmar.

Bayan wannan ne masu kamfanin suka kawo wata injiniya daga Kano ta cire VPN ɗin ta sa sabon tsari, zero trust suke ce masa, ta ce mana ma'anarsa kar a yarda da kowa sai ya nuna shi ne. Yanzu kowa da nasa suna da kalmarsa, kuma abin da ya shafi aikinka kaɗai za ka gani. In za ka ba da izini sai saƙo ya zo wayarka yana tambaya kai ne, ka danna Eh, ka nuna mata fuskarka, sannan ya wuce. Izinin fitar kaya daga sitocin nan uku aka bar shi a hannun mutum biyu, ni da manajanmu. Wallahi ni na fi kowa murna, har musu na yi da abokan aiki masu cewa wahala ce, na ce musu gara wahalar da a riƙa kallon mu duka da idon ɓarayi.

Abin ya fara ne kamar wasa. Ina kasuwa ina cinikin tumatir sai saƙon ya shigo, wai kai ne kake son shiga, alhali kwamfutata tana gida a rufe. Na danna A'a. Kafin in kai gida ya sake zuwa, ya sake, har na daina kula. Na canza kalmar sirrina, abin ya lafa, bayan 'yan kwanaki ya dawo. Sai wani ya kira ni da murya mai daɗi ya ce daga ofishin injiniyar yake, gyara suke yi, in danna Eh in saƙon ya zo. Na tuna ranar da injiniyar ta koya mana tsarin ta ja mana kunne cewa ba wanda zai taɓa kiran mu ya nemi haka, na ce masa zan fara tambaya, ya kashe.

Na ɗauka 'yan damfarar waya ne da ke can wata duniya, sai ran nan da nake dawowa daga Doguwa a bas. Mun shigo dajin Falgore, inda kowa yake yin tsit yana addu'a a zuci, wani mutum da ke gefena, mai shiga ta mutunci, farar shadda da hula, ya karkato ya gaishe ni da sunana. Na amsa ina ƙoƙarin tuna inda na san shi. Ya ce, "Malam, me ya sa kake wahalar da mutane? Sau ɗaya ne kawai, ka danna ka ci gaba da harkarka. Kayan ba na gidanku ba ne." Na ce ban gane ba. Ya yi murmushi ya ce, "Ka gane. Ya ƙafar Inna, ta daina kumburi?" Jama'a, ko matata ban gaya wa ƙafar Inna ta sake tashi ba, ni kaɗai na kai ta kemis. Muna fitowa daga dajin ya ce wa direba a sauke shi, wani mai babur yana jiran sa a bakin hanya.

Washegari na tafi Bebeji na sami manaja a ofishinsa, na rufe ƙofa na faɗa masa komai. Mutumin nan shi ya samar min aikin, ya je sunan ɗiyata, ban taɓa ganin wani abin ƙi a tare da shi ba. Ya yi salati, ya ce in bar masa zai kai maganar sama, amma kar in gaya wa kowa, har injiniyar, don kar a tada hankalin ma'aikata. Na fito na ɗan ji sanyi a raina. Ban kai tasha ba wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba, muryar mutumin bas ce. Abin da ya ce kawai, "Ba mu ce ka kai ƙara ba." Ya kashe.

Tun daga nan na rasa natsuwa. Ba na cewa manaja ne, Allah ya gani ba ni da hujja, ofishin da katako aka raba shi, wanda ke ɗaya gefen zai iya jin tarinka ma. Amma dai wani a cikinmu ne, wanda muke sallah sahu ɗaya, muke cin abinci kwano ɗaya. Ina shiga ofis ina kallon fuskoki, kowa ya yi min sannu sai in ce ko shi ne.

Da na kasa riƙewa na gaya wa matata, ta yi kuka ta ce in ajiye aikin yau yau, mu koma wajen danginta a Kano, na ce da me za mu ci, muka yi sa-in-sa har ta kwana ba ta yi min magana ba. Yayana kuma cewa ya yi in danna kawai, taki bai kai ran mutum ba, in aka tambaya in ce kuskure ne. Na yi masa bayani cewa wannan tsarin ba irin na da ba ne, ba inda zan ɓuya, sunana ne, wayata ce, fuskata ce, su za su tafi da kaya ni in tafi gidan yari. Kuma takin nan na manoman da na sani ne, wasu tare muka taso, sun riga sun yi huɗa suna jira. Kuma wa ya ce in na danna sau ɗaya za su ƙyale ni? Ya ce to ni na sani, amma in wani abu ya sami Inna kar in zo masa da kuka.

Na yi tunanin kiran injiniyar kai tsaye, ina da lambarta. Na san za ta iya cire izinin daga hannuna cikin minti kaɗan. Amma da zarar ta cire za su san na yi magana, kuma dole a ba wani a madadina, wanda za a ba ɗin kuwa abokin aikina ne da matarsa take da tsohon ciki, sai in ji kamar na ɗauke bala'in daga ƙofata na ajiye a tasa. Na yi tunanin 'yan sanda, amma me zan nuna musu, lambar da ba ta shiga da mutumin da ban san sunansa ba? Na roƙi Inna ta zo ta zauna da mu na ɗan lokaci, ta ce wa zai duba mata awaki, kuma ita ba ta kwana gidan haya.

Abin da ya sa na rubuto muku shi ne jiya na je Kiru duba ta, na same ta a tsakar gida tana cin lemo cikin farin ciki. Ta ce, "Abokinka ya zo gaishe ni, mai farar shadda, ya kawo min wannan da man shafawa na ƙafa. Yaron kirki, har ƙasa ya durƙusa. Ya ce in gaya maka yana jiran saƙonsa kafin Juma'a." Na ce to Inna, na fita ƙofar gida na tsuguna.

'Yan uwa, masu ilimin kwamfuta da masu sanin harkar tsaro da iyayenmu da ke cikin zauren nan, me zan yi? In tsallake manaja in kira injiniyar da masu kamfanin? In je wajen hukuma, kuma ta wace hanya da maganar ba za ta riga ni dawowa ba? Ko in ajiye aikin in kwashe iyalina? Kuma ta yaya zan fitar da tsohuwa daga gidanta ba tare da na gaya mata abin da zai tada mata hawan jini ba? Don Allah kar ku ce in yi addu'a kawai, ina yi, ina kuma roƙon taku, amma ina buƙatar matakin da zan ɗauka gobe da safe. Har na baro Kiru Inna tana tambaya ta sunan abokin nawa, wai tana so ta sa masa albarka.