Sunan Yaya a Takarda ta Biyu

Litinin, 4 ga Maris
Wa'adin Oga zai cika ƙarshen wata. Shi ne Babban Hafsan Soja na biyar da na yi wa sakatariya a kan teburin nan. Kowa cewa yake Yaya ne zai gaje shi, tunda shi ke bi masa a muƙami. Har masu shara sun fara rusuna mini.

Alhamis, 7 ga Maris
Matar Yaya ta kira, wai me nake ji a ofis. Na ce ƙarar fanka.

Talata, 12 ga Maris
Oga ya rufe ƙofa ya miƙo mini takarda biyu in buga. Ta farko sunan magajinsa. Dogo ne. Dogon da Yaya ya horar da hannunsa, mai zuwa gidanmu da yunwa yana ƙaramin hafsa. Ta biyu, manya goma sha ɗaya da ke gabansa, duk ritaya, don babba ba ya sara wa na ƙasa da shi. Yaya ne na ɗaya. Sau uku ina kuskure a sunan mahaifinmu.
Oga bai dube ni ba. "Kin dai tuna kin yi rantsuwa."

Juma'a, 15 ga Maris
Na tarar da tela yana gwada wa Yaya sabon kaki. Yaya ya ce, "Auta, ya kika gani?" Na ce ya zauna masa daidai. Allah ya yafe mini.

Laraba, 20 ga Maris
An sanar da naɗin Dogo a rediyo.

Alhamis, 21 ga Maris
Yaya ya kira. "Ke kika buga?" Na ce ni ce. "Tun yaushe?" Kwana tara. Ya ce: "Kin yi aikinki." Ya kashe. Yabo ne ko sallama, oho. Matarsa kuwa ta daina ɗaukar wayata.

Lahadi, 24 ga Maris
An ce wasu hafsoshi na ta zarya gidan Yaya, wai an ci amanarsa, umarninsa kawai suke jira. Na ga irin wannan yunƙurin juyin mulki sau ɗaya, na san yadda aka kwashe.

Juma'a, 29 ga Maris
Faretin miƙa tuta. Yaya ya zo, ya tsaya inda kowa zai gan shi, ya sara wa Dogo. Masu zarya suka sunkuyar da kai. Ni bai nemi inda nake ba.

Litinin, 8 ga Afrilu
Dogo ya sa hannu a dawo da sojojin da suka shekara uku a bakin daga ba hutu. Takardar ta daɗe a teburin Yaya, kullum wai babu masu canjinsu. Ban ce Dogo ya fi shi ba. Na rubuta takardar neman a canja mini ofis tun jiya, tana cikin jaka. Aiki ya yi yawa yau, ban samu miƙawa ba.