Alƙalamin Baba Mai Ƙaton Ciki

Litinin, 3 ga Maris
Na kai Baba asibiti kan maganar aikin idonsa. Nas ta miƙo takarda ya sa hannu, biro ya suɓuce masa har sau biyu, yatsun sun kumbura sun ƙi lanƙwasuwa. Sai ta jawo tawada ta ce, "Baba, dangwala kawai." Ya dangwala. Mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana koya wa 'ya'yan mutane rubutu! A mota sai goge babban yatsa yake da gefen riga. Akwai wata takardar da zai sa wa hannu ranar aiki, 17 ga wata. Ni kuma wai sana'ata alƙalamin katako. Kunya ta ishe ni.

Laraba, 5 ga Maris
Na kai masa wanda na fi ji da shi a shago, na maɗaci, siriri, ƙyallinsa har kana ganin fuskarka. Ya jujjuya shi ya ce, "Kafinta, wannan na ado ne ko na rubutu?" Kafinta yake ce mini tun ranar da na bar karatu na kama katako. Ya gwada, ya zame. Raina ya ɓaci, ban ma san da wa ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Na yi mai ɗan kauri. Shi ma ya zame.

Asabar, 8 ga Maris
Allah ya saka wa maman yara da alheri. Ina ta mita tana wanki, sai ta ce, "Kai katako kake ta aunawa, ka auna hannun kuwa?" Ta ɗauki guntun sabulun da ya yi laushi, ta mulmula shi jikin fensir ta kai masa. "Baba, riƙe yadda ba zai yi maka ciwo ba." Ya riƙe yana dariya. Da ya saki, ga gurbin yatsu uku ɓaro-ɓaro, na babban yatsa ya fi zurfi, kuma can ƙasa da inda nake tsammani. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, dabarar nan ba ta taɓa zuwar mini ba.

Talata, 11 ga Maris
Sabulun ya bushe, na auna shi ta ko'ina. Na ɗora katako a injin juyi na fitar da ƙaton ciki kusa da baki, na rarake bayan don kada ya yi nauyi. Har nan da sauƙi. Wahalar ita ce sauke shi daga inji in sa magagari in goge gefe uku don gurbin yatsu, in ɓata zagayen da na gama wahalar daidaitawa. Sai da na ajiye, na sha ruwa, na dawo. Ban shafa masa man ƙyalli ba, shi ke sa santsi. Da sanfefa mai ɗan kaushi kawai na goge shi.
Tela maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Wannan alƙalami ne ko taɓarya?" Na ce ya koma kan kekensa.

Alhamis, 13 ga Maris
Alƙalamin ya zauna a hannunsa! Sai dai ya ce a ƙara saukar da gurbin babban yatsa kaɗan. Na zauna gefensa da magagari, ya riƙe, in karɓa in goga, ya sake riƙewa. Sau shida. Ban tuna rabon da mu zauna haka ni da shi ba tare da wani ya tashi da fushi ba. Na bar shi yana cika gefen tsohuwar jarida da sunansa.

Litinin, 17 ga Maris
Nas ta zo da takarda da tawadarta. Baba ya sa hannu a aljihu ya ce, "'Yata, mayar da tawadarki." Ya rubuta cikakken sunansa a hankali, har da wutsiyar nan da yake ja a ƙarshe, wadda na sani tun a katin sakamakona. Nas ta tambaye shi inda ya samo irin wannan alƙalami. Ya ce, "Ɗana ne ya yi. Sana'arsa ce."
Na tashi na je taga, wai ina duba inda na ajiye mota.
An yi aikin lafiya. Alhamdulillahi, alhamdulillahi.

Alhamis, 27 ga Maris
An cire masa bandeji, ya ƙare wa alƙalamin kallo ya ce, "Ashe haka yake da muni." Na ce ya kawo in ɗan gyara. Ya mayar aljihu ya dafe.
Yau wata mata ta zo saya wa mijinta alƙalami. Kafin in buɗe akwatin gilashi sai na ji bakina yana cewa, "Yaya hannunsa yake?" Ba wai na daina son siririn aiki ba ne, har gobe ya fi kyau.
Na sayi sabulu sanda biyu na ajiye a shago. Maman yara ta gani, na ce na wanke hannu ne.