Kwalba ta Shida

Litinin, 4 ga Maris

Ni ne Farfesa, shugaban sashen injiniyancin muhalli na jami'a, mai kujera mai juyawa. Na buɗe wannan littafi don in riƙa rubuta halin ɗalibaina. Ta dama na fara shi, da ajami, yadda manya ke yi. 'Yan boko su suka san dalilin da suke fara littafi ta ƙeya.

Ɗalibata guda ce, ana ce mata Yaya, tana shekarar ƙarshe. Shekara uku tana karatun kwata da bola, bana an ɗaga likkafarta zuwa rijiya: za ta ɗebo ruwan rijiyoyi takwas na unguwa a kai ɗakin gwaji. Na ce, "Ranki ya daɗe, ai mai ga-ruwa bai yi digiri ba." Ta jefe ni da takalmi. Ɗaliban yanzu ba ladabi.

Laraba, 6 ga Maris

Farfesa ya fita duba aiki, shi ke riƙe da jakar ƙanƙara. Yaya sai faɗa take: kar ka taɓa bakin kwalba, kar ka yi numfashi a kai, kar, kar. Hannunta cikin safar roba a jiƙe, sai ta miƙo min biro.

"Rubuta lamba a jikin kowace. Ka dai iya lamba ko?"

Wannan "ko" ɗin ya sosa min rai. Na zuba mata lambobinmu na allo tun daga ɗaya har takwas.

A gida ta yi tsaki, ta ɗauko jan biro tana mayar da su boko. Ta tambaye ni huɗu da biyar, na faɗa. Da ta zo kan shida ta ce, "Wannan kam na gane," ta rubuta 7. Gaskiya shidarmu sak bakwai ɗinsu ce. Bakwai ɗinmu mai kama da almakashi a buɗe kuma ta ba ta 6, tunda ita ta rage. Na danne dariya har cikina ya ƙulle. Gobe zan faɗa mata a gaban Umma, a ga mai digiri.

Asabar, 9 ga Maris

Na sha'afa. Kwalabe sun tafi tun shekaranjiya.

Alhamis, 21 ga Maris

Sakamako ya fito. Gubar dalma a lamba bakwai, wato rijiyar Baba mai wanki. Yaya da malaminta da jami'an lafiya suka je aka rufe ta da kwano, aka ɗaura kwaɗo. Tsohon yana tsaye da kumfa a hannu yana ta cewa, "Shekara talatin muna sha, 'yata."

Yaya ta dawo tana juya takarda. Wai ita ta shida ta yi zato, ta ƙofar gidan tela, wadda ke jikin katangar masu fasa tsohon batir. "Amma lamba ba ta ƙarya," in ji ta.

Juma'a, 22 ga Maris

Farfesa ba ya jin cin abinci.

Lahadi, 24 ga Maris

Sau huɗu na bi ta ƙofar gidan tela, ban san me nake nema ba. Tunda an rufe ta Baba, duk 'yan layin suka koma ɗiba a ta tela. Matar tela ta cika kofi ta ba 'yan biyunta ina kallo.

Na ce, "Wallahi na ga mushen kyanwa a ciki da safe."

Ta ce, "Kai ɗin? Ba kai ka ce mana an ga kada a kwata bara ba?" Duk suka kwashe da dariya. Wata ta ce in shiga in ɗauko kyanwar mu gaisa.

Ƙarya ɗaya da na yi don Allah, ita ce ba ta shiga ba.

Litinin, 25 ga Maris

Na zauna kusa da Yaya tana haɗa bayanin da za ta gabatar ran Alhamis. Na ce wai me dalmar ke yi ne. Ba ta ɗago ba. Ba launi, ba wari, in ji ta, ƙwaƙwalwar yara take ci a hankali, sai yaro ya girma a ce daƙiƙi ne.

Na ce to in an yi kuskure a kwalba fa?

"Sai a soke aikin duka, wataƙila in maimaita shekara. Tashi min, Auta, ba na son wasa yau."

Na tashi. Na dawo. Na sake tashi. Umma ta ce ko kuɗin cizo ne a wandona.

Talata, 26 ga Maris

Da hantsi na yanke igiyar rijiyar tela, na gudu da guga. Ya kama ni a kwana, kunnena har yanzu ƙara yake. Gobe za su sayi wata igiyar, na sani.

Yaya, zan ajiye littafin nan a kan kwamfutarki. Ta dama ake buɗewa. Kin manta lambobi, amma na san ba ki manta baƙi ba, ko da ƙyar za ki haɗa. Karanta ta Laraba, 6 ga Maris, sau biyu. Shida ce, ba bakwai ba. A buɗe wa Baba, a rufe ta tela yau ɗin nan.

In za a sake ɗiba ki rubuta lambobin da kanki, ni jaka kawai. In malaminki na son wanda zai zaga, ki tafi da ni. Dama ina son in leƙa ɗakin gwajin nan, ba don komai ba, in ga da me ake gane dalmar.

Babu wani Farfesa, babu kujera. A kan turmin Umma nake zaune. Ni ne, Auta, ƙaninki, kuma ina ƙofar gida, ban gudu ba.